Jan Koto a Zurfin Mita Goma: Nazarin Lamarin Wani Mai Fatsa

Asalin lamarin: Janairu da Fabrairu

Mutumin da wannan nazari ya shafa ya daɗe yana kamun kifi da fatsa a koguna marasa zurfi, inda tana da ƙananan kifaye suka ishe shi koto, kafin ya koma wani babban tafki na madatsar ruwa ya fara aiki da koton roba. Wannan shi ne koton da ake ƙerawa da siffar ƙaramin kifi, a fente shi, a rataya masa ƙugiyoyi, sannan a sa masa ɗan leɓe a gaba wanda ke sa shi nutsewa yana karkaɗa idan an ja shi. Kifin da yake nema giwan ruwa ne, mafarauci mai manyan idanu wanda ke laɓewa a gindin duwatsu yana jiran abin da zai gifta.

Zurfin tafkin ya haura mita 20 a tsakiyarsa, gefensa kuma duwatsu ne da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun lokacin da aka datse kogin. A watannin Janairu da Fabrairu yakan fita sau ɗaya a mako da sassafe, ya riƙa jan koto a bayan kwalekwale kusa da duwatsun bakin ruwa, inda zurfin bai wuce mita 2 zuwa 3 ba. Koton da ya fi yi masa aiki wani ne mai jan kai da farin jiki, kuma da wuya ya dawo hannu rabbana. Daga nan ya ƙudurta a ransa cewa giwan ruwa ja yake so, domin ja launin jini ne, kuma kifin da ya ji rauni shi mafarauci ke fara kai wa hari. Bai taɓa gwada wannan zance ba, kuma a lokacin ba shi da dalilin gwada shi.

Maris: kamu ya tsaya

Da zafi ya kankama a watan Maris, sai kamun ya tsaya cak. Fita huɗu a jere, a wuraren da ya saba, da koton da ya saba, bai samu ko cafka ɗaya ba. Tsohon da ke tuƙa masa kwalekwale ya ce masa, "Ɗana, kifin ya sauka ƙasa, ka daina wahalar da kanka a bakin duwatsu." Ya amsa da "To, Baba," suka koma tsakiyar ruwa, amma bai canza komai a haɗin fatsarsa ba sai wurin da yake jefa ta.

Abu na farko da ya gwada shi ne ƙarin launi. Ya samo ja mai duhu, ja mai haske, ruwan lemo, da wani mai ratsin ja da zinare, bisa tunanin cewa kifin ya saba da tsohon koton ne ya daina kula shi. Abu na biyu shi ne yawan canji: duk minti goma ko sha biyar da suka wuce ba a taɓa ba, sai ya naɗe zare ya sauya koto. Wannan ya sa a fita guda yakan jefa koto bakwai ko takwas, kowanne a wuri daban, a sa'a daban, da tsawon zare daban, ta yadda ko da kifi ya kama ba zai iya cewa ga abin da ya jawo shi ba. Kifi ɗaya ƙarami ya samu a duk watan, a kan koto mai ruwan lemo, sai ya shafe fita biyu da suka biyo baya yana jan wannan launi shi kaɗai, haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba.

A ƙarshen watan ya ari na'urar gano kifi, irin wadda ke aika sauti ƙasa ta nuna abin da ke ƙarƙashin kwalekwale, ya tabbatar da maganar tsohon: manyan kifayen suna tsakanin mita 9 zuwa 11, a kan gangaren duwatsun da ke can ciki.

Makon farko na Afrilu: faifai da allon gwaji

A nan ne ya ajiye sandar fatsa na kwana ɗaya ya fita aune-aune kawai. Ya fara da auna hasken ruwan da faifan Secchi, abin da ya samo suna daga Angelo Secchi, limamin Kirista ɗan Italiya kuma masanin taurari, wanda ya yi amfani da shi a Bahar Rum a shekarar 1865. Wanda ake amfani da shi a tafkuna faifai ne mai faɗin santimita 20 da aka raba gida huɗu, baƙi da fari, a ɗaure shi da igiya mai alamomi a sauke shi har ya ɓace wa ido. Shi da murfin bokiti ya haɗa nasa. Da tsakar rana, a inuwar kwalekwale, faifan ya ɓace a mita 5. Masu nazarin tafkuna suna ƙiyasta cewa haske mai amfani yakan kai ninki biyu zuwa uku na wannan awo, wato kifayensa suna zaune ne a inda hasken rana ya kusa ƙarewa.

Daga nan ya ƙusa koto takwas a jere a kan allo mai ruwan toka, bayan ya cire musu ƙugiyoyi, ya kafa ƙaramar kyamarar ruwa a kan sanda mita ɗaya daga allon, ya sauke su gaba ɗaya yana tsayawa a kowace mita. Abin da bidiyon ya nuna ya saɓa wa tsammaninsa ta fuskoki biyu. Ya ɗauka ruwan zai yi shuɗi a ƙasa kamar yadda ake gani a hotunan teku, sai ya ga kore ne shar, yana ƙara duhu da zurfi. Sannan jan kan koton da ya dogara da shi ya fara dushewa tun daga mita 3, a mita 6 ya koma ruwan ƙasa mai duhu, a mita 10 kuwa babu mai iya bambanta shi da baƙin koton da ke gefensa. Ruwan lemo na fentin gama-gari ya bi sahunsa bayan mita biyu ko uku. Fari ya koma kore mai haske amma ana ganinsa sarai. Shuɗi ya saje da ruwan. Ruwan azurfa yana walƙawa ne kawai idan allon ya karkata ya tari hasken da ke zuwa daga sama. Guda biyu ne suka riƙe launinsu har ƙasa: rawaya mai sirkin kore da ruwan lemo, dukansu na fentin fuloresan, irin wanda ake yi wa rigunan masu aikin hanya.

Dalilin wannan sananne ne. Ana auna launin haske da nanomita, wani ƙanƙanin ma'aunin tsawo, kuma hasken da ido ke gani yana tsakanin 400 zuwa 700, shuɗi a ƙasan ma'aunin, ja a samansa, kuma ruwa ba ya shanye su daidai wa daida. Ko a ruwan da babu ɗigon datti a cikinsa, hasken ja mai nanomita 650 yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a kowace mita 2, ta yadda a mita 10 abin da ya rage kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai, alhali shuɗi yana iya ratsa gomman mitoci. Fenti kuwa ba ya ƙirƙirar launi. Abin da ya faɗo masa yake mayarwa, idan babu jan haske a wurin, jan fenti ba shi da abin mayarwa, sai ya zama baƙi. A tafkunan ruwan daɗi akwai ƙarin abu guda: ruɓaɓɓen ganye da ya narke a ruwa da ƙananan tsirran da ke yawo a ciki suna shanye shuɗi, shi ya sa kore da rawaya-rawaya suke saura a tsakiya. Fentin fuloresan ya sha bamban domin yana karɓar hasken shuɗi ko kore da ke wurin ya fitar da shi a matsayin rawaya ko ruwan lemo. Tun a 1967 Jo Ann Kinney da abokan aikinta a sashen binciken lafiya na sojan ruwan Amurka suka gwada haka da masu nutso, a ruwa mai laka da ruwa garau, suka samu cewa fentin fuloresan ya fi takwaransa na gama-gari ganuwa, kuma launin da ya fi fitowa yana sauyawa da irin ruwan.

Akwai lissafin da mai fatsar bai yi ba sai da ya matsar da kyamarar zuwa mita 2 daga allon ya ga ruwan lemon fuloresan ɗin ma ya ragu. Haske yana yin tafiya biyu, ɗaya daga sama zuwa koto, ɗaya daga koto zuwa idon kifi, kuma ruwa yana karɓar rabonsa a kowace.

A wannan rana ce kuma ya gano abin da bai fito nema ba. Da ya ja kotonsa na kullum a kan wani tudun yashi da na'urar ta nuna yana mita 4, koton bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. A kwalin da koton ya zo a ciki an rubuta cewa iyakar nutsewarsa mita 3 ce. Ke nan duk watan Maris yana jan launuka iri-iri ne mita 6 zuwa 8 sama da kawunan kifayen.

Tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu: sanda biyu, bambanci ɗaya

Gyara na farko bai shafi launi ba. Ya ɗaura dalma mai nauyin giram 60 kimanin mita ɗaya da rabi gaba da koton, ya koma zare mai siranta wanda ruwa ba ya turowa sama sosai, ya yi ta ƙara tsawonsa a kan wani wuri mai zurfin mita 10 har ya ji koton yana dungurar ƙasa, sai ya yi wa zaren alama a nan. A fitarsa ta farko da wannan haɗi ya kama giwan ruwa biyu, kuma a kan tsohon koton nan mai jan kai da farin jiki, wanda allon gwaji ya nuna cewa a can ƙasa baƙin kai ne da jiki mai haske.

Daga nan ya tsara gwajin launi yadda zai iya gaskata sakamakonsa. Sanda biyu, koto iri ɗaya daga kamfani ɗaya, girma ɗaya, dalma ɗaya, tsawon zare ɗaya. Launi kaɗai ya bambanta. Duk rabin sa'a yakan sauya musu gefe, domin gefen da ke kusa da duwatsu ya fi samun kifi ko da wane koto ne a kansa. Yana rubuta sa'a, yanayin sama, awon faifai, da kowace cafka, ko kifin ya fito ko ya kuɓuce.

A fita bakwai da ya yi cikin waɗannan makonni, faifan yana tsakanin mita 4 da rabi zuwa 5, ya rubuta cafka 23. Da rana tsaka, idan sama ta washe, ruwan azurfa da fari ne suka fi samu. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar: koton da wani masunci mai suna Lauri Rapala ya fara sassaƙawa a Finland a 1936 takarda mai ƙyalli ya naɗa masa, domin ƙaramin kifi a ruwa walƙiyar ɓawonsa ake fara gani kafin launinsa. Idan hadari ya rufe rana, ko da sassafe kafin ta ɗaga, azurfar takan mutu saboda babu hasken da za ta mayar, sai rawaya mai sirkin kore ta karɓe. Koto ja zalla, wanda babu fari a jikinsa, shi ne ya zo ƙarshe da rana, amma bai tashi a tutar babu ba.

Da magariba lamarin ya juya. Kifayen sukan hauro sama, su kai hari daga ƙasa, kuma a nan baƙin koto da jan nan suka yi kunnen doki, suka bar fari a baya. Kifin da ke kallon sama yana ganin sararin samaniya ne ta wata da'irar haske mai faɗin kusan digiri 97, duk abin da ya gifta cikinta inuwarsa ake gani, kuma abu mai duhu ya fi yanke inuwa. Giwan ruwa yana da wani shafi mai mayar da haske a bayan idonsa, wanda ke sa idon ƙyalli idan an haska shi da dare, kuma shi ke ba shi damar farauta a irin wannan lokaci da launi ya riga ya gushe.

Yuni da Yuli: ruwa ya dagule

Ruwan sama mai ƙarfi na farko ya sauka a tsakiyar Yuni, kogin da ke shigowa tafkin ya kwaso laka, cikin kwana huɗu ruwan ya koma launin ƙasa. Mai fatsar ya ci gaba da abin da littafinsa ya nuna masa: azurfa da fari, dalma giram 60, mita 10. Fita uku a jere babu ko taɓawa. Sai a ta huɗu ya tuna da faifan, wanda ya daina saukewa tun da kamu ya dawo. Faifan ya ɓace a santimita 40.

Da wannan awo, a mita 2 ma duhu ne, balle mita 10. Ya sake sauke allon, wannan karo da kyamarar a santimita 30 daga gare shi, domin a mita ɗaya ba ta ganin komai. A rabin mita hoton ja-ja ne mai ruwan ƙasa. Shuɗi ne ya fara ɓacewa, kore ya bi shi, wato tsarin da ya gani a Afrilu ya kife. Fari da azurfa sun ɗauki launin lakar sun saje da ita. Abin da ya fito fili shi ne ruwan lemo na fuloresan, sai baƙi, sai kuma jan da ya riga ya yanke wa ƙauna. Laka da narkakken ganye suna cin hasken shuɗi kafin na ja, kuma a ruwan da haske ba ya wuce mita ɗaya ko biyu, ja bai yi tafiyar da za ta cinye shi ba.

Na'urar ta nuna kifayen sun baro zurfi sun dawo mita 1 zuwa 3, a bakin inda ruwan kogi ke haɗuwa da na tafki. Ya cire dalmar, ya rage gudun kwalekwale, ya ɗauki koto mai faɗin karkaɗa da 'yan ƙwallayen ƙarfe a ciki masu ƙara. Kifi yana da layin jijiyoyi a kowane gefen jikinsa wanda ke jin motsin ruwa daga ɗan nesa kaɗan, yana kuma jin sauti, kuma a ruwan da ido ba ya wuce kamu biyu, waɗannan ne ke kawo shi kusa da koto. Ya maimaita gwajin sanda biyu a fita biyar. Tsakanin ruwan lemo da baƙi bai ga wani bambanci ba, dukansu kuma sun fi azurfa. Amma da ya haɗa koto biyu masu launi ɗaya, ɗaya mai ƙara ɗaya shiru, mai ƙarar ya samu cafka 6, shirun ya samu 1, tazarar da babu wasu launuka biyu da suka taɓa nuna masa irinta.

Satumba da Oktoba: gansakuka

Da lakar ta kwanta, ruwan ya yi kore da ƙananan tsirrai, faifan ya tsaya a mita ɗaya da rabi. Wannan karo ya auna kafin ya jefa fatsa. Kifayen suna mita 3 zuwa 4, rawaya mai sirkin kore da ruwan zinare suka yi aiki, kuma bai yi asarar fita ko ɗaya wajen lalube ba.

Hukunci

Kamun da ya tsaya a Maris ba launi ne ya tsayar da shi ba, zurfi ne, kuma shaidar ita ce koton da ya gaza a mita 3 shi ne ya fara kamawa da aka kai shi mita 10. Gazawar Yuni ma rabinta zurfi ce, domin yana ja a inda babu kifi kuma babu haske. Duk kuɗi da lokacin da ya kashe a kan sababbin launuka a watan Maris ya tafi ne wajen amsa tambayar da ba ita ce a gabansa ba, yawan canjin koto kuma ya hana shi ganin haka da wuri.

Duk da haka launi ya yi tasiri, a iyakar da ya kamata a ba shi. Inda koto ya isa wurin kifi kuma akwai haske, wanda ya fi bambanta da ruwan da ke bayansa shi ya fi samun cafka: mai haske ko mai walƙiya a ruwa garau mai zurfi, mai duhu idan ana kallonsa daga ƙasa, ruwan lemo ko baƙi a laka. Zancen jini bai tsaya ba, domin a yawancin lokutan da jan koton ya kama, a matsayin baƙi kifin ya gan shi. Nasarar mai jan kai da farin jiki ta fi kama da nasarar abu mai duhu da haske a haɗe, wanda ɗaya daga cikin ɓangarorinsa ke fitowa ko wane irin ruwa ne.

Alƙaluman nasa ƙanana ne, na mutum ɗaya a tafki ɗaya cikin shekara ɗaya, kuma cafka 23 da aka raba wa launuka biyar ba ta isa a kafa doka a kanta ba. Kyamara kuma ba idon kifi ba ce. Binciken da aka wallafa a 2018 kan kifin bas mai faɗin baki na Arewacin Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin gane launi iri biyu gare shi, na kore da na ja, inda mutum ke da uku, kuma yana rikita rawaya mai sirkin kore da fari, yana rikita shuɗi da baƙi. Launuka biyu da masunci ke gani daban a akwatinsa suna iya zama abu ɗaya a wurin kifi. Wani gwajin da aka wallafa a 2015, wanda aka yi a Tafkin Opinicon na Kanada kan wannan kifi da koton roba mai laushi, bai samu bambanci a yawan kamu tsakanin launuka ba, sai dai masu haske sun ɗan fi kama manya. Wannan ya yi daidai da abin da littafin mai fatsar ya nuna: tazarar da ke tsakanin launi da launi ba ta kai wadda ke tsakanin zurfi da zurfi ba, ko tsakanin koto mai ƙara da shiru a ruwan laka.

A ƙarshen Oktoba akwatinsa ya ragu zuwa launi biyar: azurfa, fari mai duhun kai, rawaya mai sirkin kore, ruwan lemo na fuloresan, da baƙi. Faifan murfin bokitin yana rataye a gefen kwalekwale, kuma shi yake fara shiga ruwa a kowace fita. Koto ja zalla guda ɗaya ya bari, yana ajiye a gurbi ɗaya da baƙin, kuma da magariba duk wanda hannunsa ya fara kaiwa a cikinsu shi yake ɗaurawa.